Inshorar Kare: Ko Ta Ci Kuɗinta?

A Jos da Kaduna muna ganin gidaje da yawa suna ajiye karen nan da ake kira Alsashan domin gadi. Asalinsa daga Jamus ne, inda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899. Yana da wayo da biyayya, amma irinsa na da ciwon gado: sau da yawa ƙashin kwatangwalo ba ya zama daidai a gurbinsa, sai kare ya soma ɗingishi. Wani lokaci kuma cikinsa kan kumbura, tumbi ya murɗe, in ba a yi masa aiki nan da nan ba sai mutuwa.

A Turai mutane sukan yi wa irin wannan kare inshora. A ƙasar Suwidin aka soma yi wa kare inshora a 1924, a Amurka kuwa sai 1982. Mai kare yakan biya kamfani kuɗi kowane wata, in ciwo ya zo kamfani ya biya likitan dabbobi. A Ingila sauya wa kare kwatangwalo ɗaya yakan ci fam dubbai, abin da iyali da yawa ba za su iya fitarwa rana ɗaya ba. Amfanin inshorar ke nan.

Amma akwai sharuɗa. Kamfani ba ya biyan ciwon da kare ke da shi tun kafin a shiga, saboda haka tun yana kwikwiyo ya kamata a yi. Galibi ba ya biyan allurar rigakafi. Mai kare ne ke biyan kashi na farko na kuɗin magani, kuɗin wata kuwa ƙaruwa yake yi yayin da kare ke tsufa. 'Yan'uwanmu da ke zaune can, ku karanta takardar sosai kafin ku sa hannu.

A nan gida wannan inshora ba ta yaɗu ba tukuna. Shawararmu ita ce a buɗe wa kare asusu, a riƙa jefa ɗan abu kowane wata. A kuma yi masa allurar ciwon hauka kowace shekara, wadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, gama cizon mahaukacin kare na kashe yara.

Karin Magana 12:10 ya ɗora mana nauyin kula da dabbarmu, Ubangijinmu kuma a Luka 14:28 ya koya mana yin lissafi kafin mu soma gini. Kare yakan yi shekara 10 ko fiye. In ciyar da shi da maganinsa za su taɓa kuɗin makarantar yara, gara a haƙura da shi.