Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a Japan, idan jirgin ƙasa ya makara da minti 5 kacal, ma'aikatan tasha kan raba wa fasinjoji 'yar takardar shaidar jinkiri? Baƙon da ke aiki a Tokyo yakan karɓi tasa a ƙofar fita, an huda yawan mintunan a jikinta, ya miƙa wa shugabansa a ofis don a san makarar ba laifinsa ba ne. A Nuwamban 2017 ma, hukumar layin Tsukuba Express ta nemi gafarar jama'a saboda jirginta ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Duk mai shirin neman aiki a can, ya fara da koyon cika alƙawarin lokaci.