Idan kukan janareta ya fara hawa da sauka

Duk mai shago a Madarunfa, ko mai lambu a Jiratawa, ya san kukan janareta mai lafiya: murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan kuka lissafi ne.

Wutar da NIGELEC ke bayarwa ba ta fuska ɗaya take miƙewa cikin waya ba, kai da kawowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, haka ma ta Najeriya. Ta Amurka kuwa sau 60. Don ƙaramin janaretan fetur ya ba da wannan 50, sai ya juya sau 3,000 a minti. Da an ɗora masa firiza ko famfon ruwa, juyin ya ragu, sai na'urar da ke daidaita mai ta ƙara masa. Idan kafireto ya yi datti, gyaran kan wuce kima: injin ya zabura, ya lafa, ya sake zabura.

To, a nan ake yaudaruwa. A ce juyin ya faɗi zuwa 2,700 sannan ya haura 3,300. Wutar ta yi lilo ke nan tsakanin 45 da 55. Ka haɗa ka raba biyu, 50 za ka samu, kamar komai lafiya, alhali motar firizar tana can tana ɗaukar zafi.

Masana ma sun daɗe da wannan matsala. A 1822 Joseph Fourier na Faransa ya nuna yadda ake warware kowace girgiza zuwa ƙananan girgizoji masu tsayayyen sauri. Hanyarsa tana faɗin waɗanne ne a ciki, amma ba ta faɗin yaushe kowacce ta zo. A 1946 Dennis Gabor ya kawo dabarar yanka lokaci gunduwa-gunduwa a auna kowace daban. Sai dai idan gunduwar ta gajarce, awon saurin kan rasa kaifi. Da irin wannan awo injiniyoyi ke gano boris ɗin da ya fara ci tun kafin inji ya tsaya.

Kunnenka ma yana wannan aikin, kuma a ganina raina shi asara ce. Da ka ji muryar tana lilo, cire firiza da famfo tukuna, sannan ka kashe. A duba matatar iska da kafireto. Wajen tayarwa, bari muryar ta daidaita, ka fara jona kaya mafi nauyi, sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. Bakaniken da ya zo, a roƙe shi ya sa mita ya kalli ko lambar tana tsaye a 50 har tsawon minti guda, da kaya a jone.