Ɗalibi Ma Malamin Ɗalibi Ne

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Madabo ko Sanka a birnin Kano da hantsi ya san amon makarantar allo. Malam ɗaya ne a kan buzu, almajirai kuwa sun cika zaure har waje. To, yaya karatu yake isa ga kowa?

Ai ba malam kaɗai ke biyawa ba. Gardi ya biya wa titibiri, titibiri ya kama hannun ƙolo a kan babbaƙu da farfaru. Kafin yaro ya wanke allo, sai ya yi tilawa wani ya saurara. A zauren manya ma haka abin yake: ɗaya ya ja baƙin Risala ko Iziyya, malam ya fassara, in an tashi ɗalibai su keɓe su yi muraja'a, wanda ya riƙe ya tuna wa wanda ya manta. Da irin wannan tsari unguwar Madabo, mazaunin malaman Wangarawa, ta yi ƙarnoni tana yaye masana.

Masana ilimin zamani sun biyo ta wata hanya sun iso nan. A 1971, a birnin Austin na Amurka, Elliot Aronson ya rarraba 'yan aji rukuni-rukuni, ya yayyanka darasi, ya ba kowane yaro yanki guda ya koya sannan ya koyar da 'yan rukuninsa. Ba mai samun darasin cikakke sai ya saurari ɗan'uwansa. Amfanin wannan tsari kuwa a fili yake: sai ka zo bayyana wa wani abu kake gane inda fahimtarka ta yi rauni.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma azuzuwa da yawa a cikin ganuwa sun ninka haka. Cunkoso na cikin matsalolin da suka sa gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Kafin sababbin ajujuwa su wadata, malami na iya zaunar da yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ya gauraya mai kaifin kai da mai jan ƙafa, ya ba kowa aikinsa.

Sai dai akwai sharaɗi. In aka bar rukuni sakaka, ɗaya zai yi aikin, sauran su kwafa. Nan ma zaure ya riga aji: tare ake karatu, amma ranar hadda kowa da bakinsa yake kawo tasa.