Yunwar Ciki da Yunwar Fargaba

Duk wanda ya zauna a Wagini, ko ƙauyukan Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu, tsakanin 2019 da 2021 lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari, ya san abin da ake kira kwanan zaune. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yadda irin wannan zama yake jirkita cin abincin mutum.

Da an ji harbi, wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take jini ya ragu a hanji ya koma ga tsokar ƙafafu, baki ya bushe, ko tuwo aka ajiye ba a iya kai loma. Wannan na ɗan lokaci ne. Idan fargabar ta ɗauki makonni, sai wani sinadarin, wato kotisol, ya karɓi aiki, shi kuwa ga mutane da yawa tayar da sha'awar zaƙi da maiƙo yake yi. Rashin barci ya zo ya ƙara. A 2004 masana a Jami'ar Shikago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari zuwa awa 4 har dare biyu, sai suka ga girelin, sinadarin da tumbi ke fitarwa don sanar da yunwa, ya ƙaru, leftin mai sanar da ƙoshi kuma ya ragu.

Saboda haka ɗalibin da ya kwana a firgice, ko yake zullumin jarrabawa, ya wayi gari yana ƙarar da kuɗin tara a kan alewa da lemon kwalba, ba makwaɗaici ba ne, kuma a ganina tsawar malami ƙara masa kotisol kawai za ta yi. Zaƙin yakan kwantar da hankali na 'yan mintuna, sannan kwaɗayin ya dawo.

To, yaya za a bambance? Yunwar ciki sannu a hankali take zuwa, ko ɗumame ya ishe ta. Ta fargaba farat ɗaya take faɗowa, kuma abu guda take nema. Idan ta zo, a ɗan jinkirta, a sha ruwa, a taka ƙafa, a sami wanda za a gaya wa damuwar. In har cin ya zama dole, gyaɗa ko kwaɗon zogale sun fi alewa riƙe ciki. Amma yaron da damuwa ta hana shi ci gaba ɗaya har ya fara rama, wannan asibiti za a kai shi.