Ina Zalaiɗu Yake Shiga da Rani?

Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta tashi a kangayen Tarauni da 'yan filayen da gini bai cinye ba a Gyaɗi-Gyaɗi, sai zalaiɗu ya bayyana a kan wayar lantarki. Baki ja wur, baya baƙi, ciki fari fat, ga gashin jela huɗu masu tsawon santimita 20 suna reto, alhali shi kansa bai wuce santimita 13 ba. Ga faɗan tsiya, ba ya barin wani tsuntsu ya yi kiwo inda ya kama. Mace na sauka, sai ya tashi ya tsaya a iska bisa kanta, yana sama yana ƙasa, jelar na kaɗawa.

Kaka na wucewa sai a neme shi a rasa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ƙaura yake yi, kamar shamuwa. To amma shamuwa in ta tafi tana barin sheƙarta a kan bishiya kowa na gani. Wa ya taɓa ganin sheƙar zalaiɗu?

A fara da ɓatan. Duk wanda ya natsu ya dubi garken ƙananan tsuntsayen da ke tsince tsabar ciyawa a ƙasa da hunturu, zai ga wasu masu ruwan ƙasa, da zane-zane a ka, da jan baki. Mai gaggawa zai ce janbakin nan ne mai ɓarnar gero. Gogan ne. Jelar ta zube, baƙi da farin sun tafi, ya saje da matansa, jan bakin kawai ya rage.

Sheƙa kuwa ba a gani ba don babu ita. Macen tana fakon wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu cin tsaba, ta saka farin ƙwanta cikin nasu, ta kama gabanta. Nan wata tambayar ta taso, domin waɗannan tsuntsaye ba kowa suke ciyarwa ba: 'ya'yansu na da ɗige-ɗige da launi na musamman a cikin baki, shi iyayen ke dubawa. Bajamushe Jürgen Nicolai ya warware wannan a 1964, inda ya nuna cewa 'ya'yan dangin zalaiɗu da irin wannan tambari ake ƙyanƙyashe su. Masu gida su yi ta ɗura wa agolan da ba su san da zamansa ba.

Namijin da babu gini, babu kwanci, babu ciyarwa a wuyansa, ado da rawa kaɗai suka rage masa. Haka abin yake ga yawancin tsuntsayen aljanna na tsibirin Niyu Gini, inda mace ke reno ita kaɗai, maza na baje gashi a kan rassa.

Ko matan sun damu da jelar? A 1982 Malte Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya gwada a Kenya da wani tsuntsu mai doguwar jela: ya datse ta wasu mazan, ya liƙa guntayen a ta wasu. Waɗanda aka ƙara wa tsawo su suka fi samun mata. Sai dai jela irin wannan kaya ce, tana rage saurin tashi, kuma shaho na hango mai ita daga nesa. Shi ya sa zalaiɗu ke ɗaukarta watannin aure kawai, ciyawa na bushewa ya sauke.