Yadda Ake Samun Ƙarfin Ƙaramin Babur Mai Shan Gauraye ba Tare da Asarar Mai ba

A ranar 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta wuce Naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan ya sa 'yan kasuwar da ke ajiye ƙananan babura domin aike, karɓar kuɗi ko kai kaya ga abokan ciniki suka koma lissafin kowace lita. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu babura irin na da, watau masu shan fetur gauraye da baƙin mai, kamar Vespa da ƙananan Yamaha da Suzuki.

Yawancin masu irin waɗannan babura, idan suka ji abin hawansu ya yi sanyi, sai su nufi bakanike da buƙatar a ƙara masa wuta. Sau da yawa kuwa ƙarfin da suke nema yana nan cikin injin, ƙura da kunkunniya da gurɓataccen mai ne suka danne shi. Maido da inji bisa ma'aunin da masana'anta ta tsara shi ne gyara mafi araha, kuma shi ne ya kamata ya gabaci kowane irin ƙari.

Yadda injin yake aiki

Injin mota da na baburan zamani irin su Bajaj Boxer yana kammala aikinsa cikin bugu huɗu na fistin: shaƙar iska da mai, matsewa, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Injin mai shan gauraye kuwa cikin bugu biyu yake gama duka, hawa ɗaya da sauka ɗaya. Ba shi da bawul a kan silinda. Fistin ne da kansa ke buɗewa da rufe wasu ƙofofi a jikin silinda, ta nan sabon mai ke shiga, ta nan kuma hayaƙi ke fita. Saboda wuta na tashi a kowane juyi, ƙaramin inji kan ba da ƙarfin da ya fi girmansa, ga sauƙin nauyi da ƙarancin kayan da za su lalace.

Sai dai wannan tsari yana da tsadarsa. Akwai ɗan lokacin da ƙofar shiga da ta fita suke buɗe tare, don haka wani kaso na fetur yakan bi salansa ba tare da ya ƙone ba. Bugu da ƙari, injin ba shi da tafkin baƙin mai a ƙasansa. Man da ke cikin fetur shi kaɗai ke shafa fistin da boris. Wannan hayaƙi ne ya sa dokokin tsabtar iska na Turai suka matsa wa irin wannan inji, har kamfanin Piaggio na Italiya, wanda ya fito da Vespa a 1946, ya daina ƙera samfurin PX a 2017, bayan shekaru kusan 40 da fara shi a 1977. Ma'anar wannan ga mai babur ita ce kayan gyara na asali suna ƙara wahalar samu, don haka wanda ke jikin injin ya cancanci a tattala shi.

Ma'aunin mai

Ga Vespa PX da makamantanta, ma'aunin masana'anta shi ne kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 na baƙin mai a kowace litar fetur. Lita 5 za ta ci mililita 100. Wasu tsofaffin samfura na shekarun 1950 suna buƙatar kashi 5 cikin 100, don haka wajibi ne a san irin injin da ake da shi. Awo da ido ko da murfin galan shi ne mafarin matsala. Ƙaramin kofin awo mai lamba ba ya kai kuɗin filogi ɗaya.

Irin man ma abin dubawa ne. Man da aka yi domin wannan inji shi ne mai alamar 2T, kuma na kirki yakan ɗauki tambarin JASO FC ko FD, ko API TC. An haɗa shi ne domin ya ƙone tare da fetur ya bar toka kaɗan. Baƙin man mota ba don ƙonewa aka yi shi ba, balle tsohon man da aka juye daga wani inji, wanda ke ɗauke da garin ƙarfe. Duk wanda ke amfani da su yana rage kuɗin yau ne ya tara wa kansa kuɗin fistin da ringi. Haka nan cika mai fiye da kima ba kariya ba ce: yana jiƙa filogi, yana toshe salansa. A baburan da ke da tankin 2T na daban da famfon da ke zuba shi da kansa, abin kula shi ne kada tankin ya ƙafe, kuma a riƙa duba wayar famfon. Man giya dabam yake. Na Vespa PX shi ne SAE 30, kimanin mililita 250.

Iska, kafireta da filogi

Inji yana shaƙar iska ninkin fetur sau da yawa, saboda haka toshewar matatar iska daidai take da a toshe wa mai gudu hanci. Babur zai yi nauyi, ya ƙara shan mai. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta cika sarari, ya kamata a riƙa wanke matatar akai-akai. Wasu makanikai sukan cire ta gaba ɗaya domin babur ya yi ƙara ya yi kamar ya ƙara gudu. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ƙurar da ta shiga takan haɗu da mai ta zama kamar sanfefa a jikin silinda.

Kafireta ce ke auna fetur da iska, ta wasu 'yan ƙwayoyin tagulla masu rami da ake kira jet, kowane da lambarsa. PX mai ƙarfin 125 da 150 suna amfani da Dell'Orto SI 20/20, mai 200 kuma SI 24/24. Ana wanke jet da fetur da iskar famfo. Soka masa waya ko allura yana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya zama mashayin mai har abada. Akasin haka, matse mai fiye da kima domin tsimi yana sa inji zafi, tun da rage fetur rage man shafawa ne. Tsayin wuri ma yana da tasiri: babur ɗin da aka daidaita a Legas, a bakin teku, zai yi kamar mai ya yi masa yawa a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,200 kuma iska ta fi sauƙi.

Filogi shi ne madubin inji. Bayan tafiya mai ɗan nisa, idan aka kwance shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa, to, ma'auni ya yi daidai. Baƙi mai kunkunniya alama ce ta yawan mai ko toshewar iska. Fari fat kuwa gargaɗi ne cewa inji na ƙuna, kuma fistin na iya kamewa ko ya huje. Tazarar bakin filogin PX ita ce milimita 0.6. A kula da tsawon zarensa, domin dogo a gurbin gajere yana iya taɓa fistin.

Salansa da sanyaya inji

A wannan inji salansa ba rage ƙara kaɗai take yi ba. Siffarta ce ke maido da wani matsi zuwa ƙofar fita, wanda ke tura fetur ɗin da ya fara tserewa ya koma cikin silinda. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas shi ne ya shahara da inganta wannan dabara a shekarun 1950. Saboda haka farke cikin salansa ko huda ta yana ƙara ƙara ne kawai, ƙarfi kuma ya ragu, shan mai ya ƙaru. Abin da take buƙata shi ne a riƙa kankare kunkunniyar da ke taruwa a cikinta da kuma a ƙofar fita ta silinda.

Vespa tana sanyaya injinta da fanka da ke hura iska ƙarƙashin wani murfi da ya lulluɓe silinda. Idan aka yar da murfin, iskar takan watse, inji ya yi zafi a cunkoson gari. Haka kuma idan babur ya ƙi sauka daga gudu bayan an saki totur, a zargi robar toshe mai ta karanshaf, domin iskar sata na shiga ta nan. A doguwar gangara ma bai dace a rufe totur a bar giya na jan inji ba, saboda mai ba ya isa ga fistin yadda ya kamata. Ga ƙananan babura marasa giya irin su Yamaha Jog da Honda Dio, sanyin tashi yakan fito ne daga cinyewar bel da 'yan ƙwayoyin da ke cikin fulai, ba daga inji ba. Taya marar isasshiyar iska da birki mai kamu su ma ɓarayin mai ne.

Batun ƙara girman silinda

Kamfanonin Italiya irin su Polini, Malossi da Pinasco suna sayar da silinda da fistin masu ɗaga PX daga 125 ko 150 zuwa wajen 177, da masu ɗaga ƙaramin babur daga 50 zuwa 70. Ƙarfi yana ƙaruwa, babu shakka. Amma dole ne a sauya jet, a sake daidaita lokacin wuta, a kuma lallaɓa sabon inji kimanin kilomita 1,000. Kuloci, boris da birki duka za su ɗauki nauyin da ba a tsara su dominsa ba, shan mai kuma zai ƙaru. Ga mai aiki a Legas, ƙarin ba zai buɗe masa hanya ba, domin dokar sufurin jihar ta 2018 ta hana baburan da ba su kai 200 ba hawa manyan hanyoyi.

Lissafin ɗan kasuwa a nan mai sauƙi ne. Alal misali, idan gyara ya rage wa babur rabin lita a yini, a farashin Naira 1,000, an tsira da Naira 13,000 a kwanakin aiki 26. Mai babura biyar ya ninka wannan sau biyar, ban da ranakun da babur zai kwana a gareji aike ya tsaya. Domin a san ko ana samun wannan rara, ya kamata kowane babur ya kasance da ɗan littafinsa, inda za a rubuta litar da aka sha, kilomitar da aka yi da ranar kowane gyara. Da zarar adadin ya fara hawa, sai a fara bincike daga matatar iska da filogi kafin a yarda a buɗe inji.