Yadda Mutanen Kareliya Suka Rage Kitsen Jini

A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wani irin maiƙo wanda likitoci ke kira kolesterol, mu kuwa mukan ce kitsen jini. Asalinsa ba abin ƙi ba ne, gama jiki yana bukatarsa wajen gina kansa da haɗa ruwan maɗaciya, kuma hanta ce ke yin mafi yawansa. Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake kira LDL, shi ne ke liƙewa a bangon jijiyoyin jini kamar yadda laka ke taruwa a cikin lambatu, har hanya ta ƙuntace. Akwai kuma HDL, mai kwashe ragowar kitsen ya mayar ga hanta. In LDL ya yi yawa shekara da shekaru, wata rana jijiya ta toshe. In ta zuciya ce, sai ciwon zuciya na farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki. Mugun abin shi ne, mai shi ba ya jin kome kafin ranar.

Don mu gane ko abinci na iya sāke wannan hali, bari mu duba labarin wani lardi a ƙasar Finlan, can arewacin Turai, kan iyaka da Rasha. Sunansa Kareliya ta Arewa. Mutanensa manoma ne da makiyayan shanu da masu saran itace a daji. Wajen 1970 an lissafa mazajen wannan lardi cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya duka. Magidanci ɗan shekara 45 yakan fita aiki da safe, a dawo da gawarsa. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane ba malalata ba ne, aikin ƙarfi suke yi wuni zubur. Amma abincinsu man shanu ne da madara mai maiƙo da nama mai kitse da gishiri, ganye da 'ya'yan itatuwa kuwa kaɗan ƙwarai, sa'an nan fiye da rabin mazan suna shan taba.

A 1971 gwamnan lardin da wakilan jama'a suka kai kuka ga gwamnatin ƙasa. A 1972 aka kafa wani shiri tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, aka danƙa shi ga wani saurayin likita mai suna Pekka Puska, wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba. Bai zauna asibiti yana jiran marasa lafiya ba. Shi da mutanensa suka shiga ƙauyuka da makarantu da kantuna. Suka haɗa kai da ƙungiyar matan gida mai suna Martta, aka riƙa koya wa mata sāke girki, a rage mai da gishiri, a ƙara ganye. Aka lallashi masu sayad da madara su fito da wadda aka yaɗe maiƙonta. Aka taimaki wasu makiyaya suka koma noman 'ya'yan itatuwa, aka kuma yaɗa wani man girki na tsiro wanda ke yi a ƙasarsu mai sanyi. Har gasa aka sa tsakanin ƙauyuka, a ga wanda zai fi rage kitsen jini. A 1977 aka faɗaɗa aikin ga ƙasar baki ɗaya.

To, me ya biyo baya? A 1972 awon kitsen jinin mazan lardin ya kusa 7 bisa ma'aunin da likitoci ke kira milimol. Kafin 2007 ya sauko wajen 5 da rabi. Cikin shekara 40, mutuwar mazaje masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Sababbin magunguna sun taimaka daga baya, amma masu binciken sun nuna cewa babban rabo na raguwar kitsen jini ne da hawan jini da barin taba.

Mu nan ƙasarmu da tasu ba ɗaya ba ce, amma jijiyar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina. Akawu da malamin makaranta sukan wuni a kujera, su koma gida a kan babur ko mota, da dare a aika a sayo tsire ko balangu, a ce wa mai nama ya sa kitse. Yawancinmu kuma mun tashi muna ganin tumbi alamar wadata ne. Saboda haka ga abin da za mu ɗauka daga wannan labari.

Na farko, a rage kitsen da ke daskarewa in an yi sanyi: man shanu, kitsen rago da na sa, da fatar kaza. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitse ne, sai a sa shi da awo. Man gyaɗa da na riɗi da na waken suya sun fi dacewa, amma su ma ba a ce a malala su a miya ba, kuma kada a yi ta maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi.

Na biyu, mu riƙe abincin iyayenmu. Wake, da kuɓewa, da kuka, da zogale, da rama, da tuwon dawa ko gero wanda ba a surfe shi ƙwarai ba, suna da harza wadda wata daga cikinta ke kama kitsen a hanji ta fita da shi. Kifi sau biyu a mako ya fi nama kullum. Gyaɗa kaɗan ta fi biskit da cincin. Sukari da lemon kwalba kuwa a yi musu ƙaranci.

Na uku, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya sami aƙalla minti 150 a mako, watau kamar tafiya da sauri ta rabin sa'a kwana biyar. Wanda ofishinsa bai yi nisa ba, ƙafa ko keke sun ishe shi. Na huɗu, a bar taba ɗungum, gama tana ɓata bangon jijiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai a sani, siririn mutum ma yana iya zama da kitsen jini, kamar yadda masu saran itacen Kareliya suka nuna. Akwai kuma na gado, wanda ke kama kamar mutum ɗaya cikin 250, abinci kaɗai ba ya sauko da shi. Irin wannan, da wanda ya taɓa ciwon zuciya ko yake da ciwon sukari, likita yakan ba shi ƙwayar da ake kira statin, ba ya kyautu ya bar ta don ya gyara abinci.

Awon jini kaɗai ke nuna matsayin mutum. Wanda ya kai shekara 40, ko wanda wani nasa ya rasu da ciwon zuciya da ƙuruciya, ya kamata ya je asibiti a auna shi. Abin da ake so jimlar ta kasance ƙasa da 5. In ta haura, a fara da tukunyar gida, a yi shawara da uwargida, gama a Kareliya ma ta hannun mata gyaran ya shiga gidaje.